Ragowar Mayanka a Abincin Dabbobi: Wanne Za a Ba Su, Wanne Za a Binne

Duk shekarar da masara da waken soya suka yi tashin gwauron zabo, masu kiwo sukan waiwayi kwata. Can ga jini yana kwarara a lambatu ba mai so, ga ƙasusuwa tsibi-tsibi, ga hanjin kaji da kawunansu a wajen masu figa, ga abin da aka zazzage daga tumbi. Duk da araha ake samunsu, wani ma kyauta. Kuma ba a ce babu amfani a cikinsu ba. Busasshen jini wajen kashi 80 cikin 100 nasa furotin ne, kusan ninki biyu na abin da ke cikin tunkuzar waken soya. Ƙashi kuwa cike yake da sinadaran kalsiyam da fosfaras, waɗanda kazar ƙwai ba ta yin ɓawo mai ƙwari sai da su. Saboda haka ba zan ce a zubar da komai ba. Abin da nake nema ga mai kiwo shi ne, kafin ya zuba wani abu daga mayanka a gaban dabbarsa, ya san jikin wace dabba abin ya fito, wace dabba ce za ta ci, da irin wutar da ya sha a tsakani.

Masu tuƙa ba sa cin nama

Saniya da tunkiya da akuya da raƙumi an halicce su ne don ciyawa. Kada a ba su garin nama, ko garin jini, ko garin ƙashi, komai ƙanƙantarsa, komai dahuwarsa. Wannan doka ce da wata ƙasa ta saya da tsada ƙwarai, mu kuma za mu iya ɗaukarta ba tare da mun biya ba.

A Birtaniya an daɗe ana tattara ragowar mayanka da gawarwakin dabbobi, a dafa su a masana'anta, a tsiyaye kitse, a niƙa sauran ya zama garin nama da ƙashi, a haɗa a abincin shanun madara da 'yan maruƙa. A 1986 likitocin dabbobi suka gano wata sabuwar cuta: saniya ta riƙa firgita, tana tangaɗi, tana faɗuwa, ta rame ta mutu, in an duba ƙwaƙwalwarta a tarar da ita huje-huje. Ita ce aka sani da cutar haukan shanu. Bincike ya nuna garin nan ne ke yaɗa ta. Saniya mai ciwo ta mutu, an niƙa ta, 'yan'uwanta sun ci, su ma sun mutu an niƙa su, haka abin ya yi ta zagayawa yana ninkuwa. A watan Yuli na 1988 gwamnati ta haramta ba masu tuƙa furotin ɗin masu tuƙa, amma da yake cutar takan yi shekara huɗu zuwa biyar a jiki kafin ta bayyana, sai a 1992 ta kai ƙololuwa, shekarar da aka tabbatar da ita a jikin shanu wajen 37,000. Gaba ɗaya fiye da shanu 180,000 aka tabbatar sun kamu, aka hallaka fiye da miliyan 4 don kare jama'a. A watan Maris na 1996 gwamnati ta fito ta ce ga alama cutar ta tsallaka zuwa mutane ta hanyar cin nama. Mutum 178 suka rasu a ƙasar, akasarinsu matasa, kuma har yau ba ta da magani.

Abin da ke haddasa ta ba ƙwayar bakteriya ba ce, ba kuma bairos ba. Wani furotin ne da ya karkace, ana ce masa firiyon, wanda in ya shiga jiki sai ya riƙa karkata lafiyayyun da ya tarar a ƙwaƙwalwa. Masanin nan ɗan Amurka, Stanley Prusiner, ya samu kyautar Nobel a 1997 saboda aikinsa a kansa. Abin da ya shafi mai kiwo a nan shi ne tafasa ba ta kashe shi, rana ba ta kashe shi, gishiri ba ya kashe shi. Ƙa'idar da Tarayyar Turai ta sa wa masana'antu ita ce zafin digiri 133 na tsawon minti 20 a tukunyar matsi, kuma ko wannan rage shi yake yi, ba ya gamawa da shi ƙurmus. A gwaji an ba ɗan maraƙi miligiram ɗaya tak na ƙwaƙwalwar saniya mai ciwo, ya kamu. Rabin duro a kan murhu ba zai yi abin da masana'antar Turai ta kasa ba.

Wani zai ce ai wannan ciwon Turawa ne, ba a saba ganinsa a garkunanmu ba. Haka ne, kuma babban dalili shi ne shanunmu kiwo suke zuwa, ciyawa da harawa da kara suke ci. Amma kiwo yana canzawa. Turka ta yawaita a cikin gari, gonakin madara suna ƙaruwa, mutane suna haɗa abinci da kansu a injin niƙa. Ƙofar da ta daɗe a rufe, yanzu ne ake iya buɗe ta ba a sani ba.

Akwai wani darasi daga can da ya fi kusa da mu. Bayan haramcin 1988, dubban shanun da aka haifa daga baya sun ci gaba da kamuwa. Da aka bi diddigi sai aka ga injin da ke niƙa abincin kaji da aladu, wanda a lokacin doka ta yarda a sa masa garin nama, shi ne ke niƙa na shanu, mota ɗaya ke ɗauka, wani manomin ma in abincin kaji ya rage sai ya zuba wa maruƙa. Sai da aka hana garin ga dukkan dabbobin gona a 1996 sannan cutar ta lafa sosai. To mu duba namu. Mai injin da ya gama niƙa wa wani abincin kaji mai garin jini, nan take zai zuba dusa da anguryar mai turkar raguna. Buhun da aka zazzage abincin kaji a cikinsa ake auno kowa. In kana kiwon kaji da tumaki a gida ɗaya, ka raba buhu, ka raba mudu, ka raba wurin ajiya, ka share abin da kaji suka zubar kafin rago ya kai baki. A wajen niƙa kuma ka sa a fara wuce ɗan tsaki ko dusa ta cikin injin, a ware wannan a ba kaji, sannan a zuba naka.

Kashin kaji da tauna ƙashi

Wasu masu turka suna sayen sharar ɗakin kaji, su tankaɗe, su haɗa da dusa, domin tana da araha kuma dabba tana ɗan cikowa da ita. Ban goyi bayan wannan ba. A cikin sharar akwai abincin kajin da ya zube, da duk garin jini ko na nama da ke cikinsa. Akwai ragowar magungunan da aka ba kajin, da sinadarin jan ƙarfe da ake ƙara musu a abinci, wanda tunkiya ba ta jure shi: yana taruwa a hantarta har ya kashe ta. Mafi muni shi ne kazar da ta mutu ta nutse a cikin sharar ba wanda ya gani. A cikin ruɓaɓɓiyar gawa irin wannan ne wata bakteriya ke haɗa dafin botulizim, ɗaya daga cikin mafi ƙarfin dafi da aka sani. Gawa ɗaya in ta niƙe cikin abinci tana iya kwantar da garke guda. Alamarsa a jikin sa ita ce ƙafafun baya su yi sanyi, ya kwanta ya kasa tashi, harshe ya zazzago, yawu na dalala, ya kasa haɗiya, ga shi kuma ba zazzaɓi. In ya kai nan, da wuya ya tashi.

Dafin nan yana da wata hanyar. Makiyaya sun san yadda saniya kan tsinci tsohon ƙashi a daji da rani ta yi ta gaigaya. Ba kwaɗayi ba ne, fosfaras ne ya yi mata ƙaranci. A Afirka ta Kudu wannan ɗabi'a ta yi ta kashe shanu shekara da shekaru, har likitan dabbobi Arnold Theiler da abokan aikinsa suka gano, wajen 1920, cewa dafin da ke cikin ƙasusuwan mushe ne ke shanye su. In ka ga dabbarka tana tauna ƙashi, ko itace, ko tsumma, ka nemo mata gishirin lasa mai fosfaras, ko garin DCP da ake sayarwa a shagunan kayan kiwo, wanda daga dutse ake sarrafa shi, ka tambaya ka tabbatar. Ka kuma tsince ƙasusuwan da ke warwatse a makiyaya da bakin mashaya.

Mushe

Dabbar da ta mutu da kanta ba ta shiga abincin kowace dabba, ko kaza, ko kifi, ko kare. Haka wadda aka yi sauri aka sa mata wuƙa don an ga za ta tafi, haka wadda malamin dabbobi ya ƙi amincewa da namanta a mayanka. Irin waɗannan galibi an ɗirka musu allurai kafin a fid da rai, maganin kuma yana nan a hanta da ƙoda. Sannan ba ka san abin da ya kashe su ba.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne ciwon saifa. Sa yana kiwo lafiya lau da safe, kafin la'asar ya faɗi. Gawar ta kumbura da wuri, ba ta sandare ba, baƙin jini mara daskarewa na fita ta hanci da baki da dubura. Wanda ya ga haka kada ya feɗe, kada ya ja ta a ƙasa, kada ya bar kare ko ungulu su taɓa. Da zarar iska ta shiga gawar, ƙwayar cutar takan yi wa kanta sulke, ta zauna a ƙasa ko a ƙashi shekaru gommai. Garin ƙashin da bai sha wuta sosai ba sananniyar hanya ce da ciwon ya bi ya tsallaka daga ƙasa zuwa ƙasa. Kuma ba labarin da ba ne: a watan Yuni na 2023 ya ɓulla a arewa maso gabashin Ghana har ya taɓa mutane, a watan Yuli kuma cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom ta tabbatar da shi a wata gona a yankin Suleja ta Jihar Neja. Abin yi shi ne a kira likitan dabbobi, a ƙone gawar a inda ta faɗi, ko a binne ta a rami mai zurfin mita 2 nesa da rijiya, a yi wa sauran garken rigakafi, a kuma riƙa maimaita shi duk shekara.

Masu kiwon tarwaɗa su ne suka fi kowa sayen matattun kaji, domin tarwaɗa ba ta ƙin komai. Kifin kansa ba ya kamuwa da murar tsuntsaye, amma mai ɗauko buhun gawar yana iya kamuwa, babur ɗin da ya ɗauko ya ratsa gari, ruwan da za a saki daga tafkin kuma agwagi da kajin unguwa za su sha. Tun da cutar ta fara bayyana a Najeriya a watan Fabrairu na 2006, a wata gona kusa da Jaji a Jihar Kaduna, ta sha dawowa. Gonar da kajinta ke mutuwa da yawa a rana ɗaya wurin kai rahoto ce, ba wurin sayen araha ba. Hanjin kajin da aka yanka lafiyayyu dabam ne: ana iya ba kifi, amma a wanke, a tafasa shi sosai ranar da aka karɓo, a ba su daidai abin da za su cinye nan take, a kwashe saura. Ɗanyen hanji yana ɗauke da salmonela, yana ruɓar da ruwa, kifin kuma ya yi kitse da ƙarni. Kada a mayar wa kaji da hanjin kaji.

Yadda ake garin jini don kaji da kifi

Aikin yana farawa ne tun a wajen yanka. Ka yi magana da mahauci ko Sarkin Fawa a tara maka jinin a wankakkiyar roba daga wuyan dabbar da aka duba. Wanda aka kwalfato daga daɓe ko lambatu ya riga ya haɗu da kashi da fitsari da ruwan wanki, ka bar shi. Jini ba ya jira, a zafin ƙasarmu awa kaɗan ya isa ya fara lalacewa, saboda haka ka haɗa wutarka kafin ka tafi ɗaukowa.

Ka zuba a rabin duro mai tsabta, wanda ba a taɓa zuba maganin feshi ko baƙin mai a ciki ba. Ka riƙa juyawa da muciya don kada ya kama. Lissafin lokaci daga tafasa yake farawa, ba daga ɗorawa ba, kuma kada ya gaza minti 30. Ka ɗebo dunƙule mafi girma ka fasa: in akwai sauran ja a tsakiya, bai yi ba. Amma kada ka bar shi ya ƙone, domin jinin da ya yi baƙi ƙirin yana ƙauri ya rasa mafi yawan amfaninsa, kaza za ta ci ta kasar da shi yadda ya shiga. Ka juye a buhu mai tsabta, ka danne da nauyi ruwan ya tsiyaye, ka marmasa.

A wajen shanya ne yawancin mutane ke ɓata aikinsu. Wuta ta kashe salmonela, sai a baje jinin a gefen titi ko a ƙasa, ƙuda ya sauka, ƙadangare ya bi ta kai, ɓera ya yi fitsari, kaji su tona, cutar ta dawo sabuwa. Ka shanya a kan kwano ko tamfol da aka ɗaga sama, ka baje shi siriri, ka rufa da raga, ka riƙa juyawa, ka kwashe kafin raɓa. Kada wanda ya taɓa ɗanye ya taɓa dafaffe bai wanke hannu ba, kada kuma a mayar da shi robar da aka ɗauko shi. Ya bushe ne in ka karya ya yi ƙas, ka murza ya zama gari bai manne a yatsa ba. Da damina, in ba ka da hanyar busarwa da wuta, gara ka haƙura. Bayan niƙa ka ajiye buhun a kan katako, nesa da bango, ka yi daidai abin da zai ƙare cikin 'yan makonni.

Wajen haɗawa kilo 2 zuwa 3 a cikin kilo 100 ya wadatar ga manyan kaji. In ya yi yawa ba sa son ɗanɗanonsa, cin abinci ya ragu, kuma furotin ɗinsa ba cikakke ba ne, sai an haɗa da waken soya ko ƙuli-ƙuli. 'Yan tsaki a bar su da abincin kamfani. In saye za ka yi a kasuwa, ka shinshina: warin ruɓa ko zarni, ko dunƙule-dunƙule masu danshi, sun isa ka mayar. Ka zuba cokali ɗaya a kofin ruwa ka motsa, yashi zai fara zama a ƙasa.

Ƙashi ya fi sauƙi amma ya fi son bincike, domin masu tsintarsa ba sa bambanta na mayanka da na mushen daji. Ka sayi sabo daga hannun mahauta, ka ƙone shi da itace ko gawayi har ya yi fari-fari, yana marmashewa in an danna. Wanda cikinsa ya rage baƙi bai ƙonu ba. Kada a ƙona da taya, don tana barin dalma da wasu ƙarafa masu guba a jikinsa, su bi ta kaza su shiga ƙwai. Shi ma kilo 2 zuwa 3 a cikin 100, sauran kalsiyam ɗin a cike da ɓawon kawa ko garin farar ƙasa irin na abincin kaji.

Abin cikin tumbi kuwa ciyawa ce da ba ta gama narkewa ba, sai dai a kwata yakan haɗu da jini da guntayen nama da leda. Mafi alherinsa a tara shi ya ruɓe ya zama taki.

Na san akwai masu ƙyamar duk wannan ta fuskar addini, kuma suna da hujja. Malamai sun yi magana a kan jallala, dabbar da najasa ta rinjayi abincinta, sun kuma saɓa kan hukuncin namanta da nononta, waɗanda suka hana sun ce a tsare ta a kan abinci mai tsarki na wasu kwanaki. Wannan a tambayi malami. Abin da zan ƙara kawai shi ne tsarewar ba ta fitar da firiyon ko ƙwayar saifa daga jikin da suka riga suka shiga.

Alade da kare

'Yan'uwa masu kiwon alade a Kudancin Kaduna da Filato da sauran wurare, naku hatsarin shi ne ragowar abincin otal da guntayen nama. Annobar ciwon baki da kofato da ta sa aka hallaka dabbobi fiye da miliyan 6 a Birtaniya a 2001, daga wata gonar aladu aka gano ta faro, inda ake ba su ragowar abinci ba a dafa ba. Zazzaɓin aladu na Afirka, wanda ya yi ɓarna mai yawa a Oke-Aro kusa da Legas a 2020, ƙwayarsa tana yin watanni a cikin nama. Kada alade ya ci naman alade, sauran ragowar kuma a tafasa ta awa guda ana juyawa.

Kare ba dabbar yanka ba ne, amma yana kwana da garke, kuma shi ake jefa wa abin da aka ƙi. Mai fiɗa yakan tarar da wata jaka mai ruwa a hanta ko huhun rago, ya yanke ta ya wurga wa kare. A cikin jakar nan akwai 'ya'yan wata tsutsa da ke girma a hanjin kare, ƙwanta ya fita a kashinsa ya zauna a ciyawa da jikin gashinsa. Tunkiya ta ci, jakar ta sake fitowa a hantarta. Yaron da ya yi wasa da karen ya ci abinci bai wanke hannu ba, shi ma tana iya fito masa a hanta ko huhu, ta yi shekaru tana girma, wani lokaci sai an yi masa tiyata. 'Yar'uwarta kuma a ƙwaƙwalwar tunkiya take zama, ita ce ke sa dabba ta karkata kai ta yi ta zagaye wuri ɗaya, kuma ta hanyar ba kare ɗanyen kan irin wannan tunkiya take komawa garke. Da Babbar Sallah, lokacin da kowane gida ya zama mayanka, a haƙa rami tun kafin a kayar da rago. Duk abin da aka yanke aka ƙi ya shiga ramin a rufe da ƙasa mai kauri, a ɗora dutse. Abin da za a ba kare a dafa masa, a kuma nemi malamin dabbobi ya ba shi maganin tsutsa duk bayan 'yan watanni.